Maki 14 a hannu: a buɗe 1NT ko a tsaya kan ƙa'ida?

Mannir, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani hannu na wasan karta na birij da nake so manya su duba mana, don tun jiya ni da Baba Sada ba mu daidaita a kansa ba. Shi ya raba, ba mu ja (wato ba mu cikin yanayin da lada da tara suke ƙaruwa), ga abin da ya riƙe:

♠ A 10 9
♥ K 5
♦ A Q 10 9 4
♣ J 10 8

A tsarinmu buɗewa da 1NT (NT ita ce kwangilar da babu gida mai yanka) maki 15 zuwa 17 ne. Baba ya ƙirga 14 ya buɗe 1♦. Na ce 1♠, ya ce 1NT, wato 12 zuwa 14. Ni kuma ina riƙe da ♠ K 7 4 2, ♥ Q 8 3, ♦ K 6 2, ♣ Q 5 4, maki 10 babu dogon gida. Ko ya kai ƙarshen tazararsa jimlarmu 24 ce, sai na wuce. Aka fito da ♥, na hannun damansa ya ɗora A, daga nan ci tara suka zo ba gumi: biyar a ♦, biyu a ♠, biyu a ♥. Muka rubuta 150 a inda 400 ta 3NT take jira. Ni a ganina wannan hannu na 1NT ne tun farko. Da ya buɗe haka, da maki 10 ba abin da zai hana ni kai mu 3NT.

Baba Sada, Ƙofar Sauri

Wa alaikumus salam. Mannir ya faɗi yadda aka yi, bai ƙara ba bai rage ba. Amma ni ina nan kan bakana. Mun zauna mun ce 15 zuwa 17. In na buɗe da 14 yau, gobe in na ce 1NT mi za ka ɗauka na riƙe? Amfanin wanga tayi shi ne da magana guda abokinka ya san ƙarfinka cikin tazarar maki uku, ya san ba ka da gida mai kati ɗaya, ba kuma gidan da ka rasa ɗungurungum. Daga nan ragama ta koma hannunsa, shi ke yanke inda za a tsaya. Duk wasan birij babu tayin da ya kai shi fayyace hannu, ban ga dalilin da zan sa mashi ruwa ba.

Sannan sakamakon hannu guda ba hujja ba ne. Da mai A ɗin ♥ ya riƙe ta ya sa 10 ko J, da ci takwas ke gare mu a fili, na taran sai an sha wuya.

Shamsu, Layout

Don Allah a yi mini uzuri, ban daɗe da fara koyo ba. Ni abin da aka koya mini A 4, K 3, Q 2, J 1, karta duka 40. To in lissafi ya ba da 14, ta ina 15 za ta fito? Goma ai ba ta da maki.

Injiniya Lawal, Ƙofar Soro

Shamsu, tambayarka ita ce gindin maganar, bari in ɗan tsaya a kanta.

Lissafin nan na 4-3-2-1 wani Ba'amurke ne, Milton Work, ya yaɗa shi tun shekarun 1920, sannan Charles Goren ya kai shi kowane tebur daga ƙarshen shekarun 1940. Ya karɓu ne don yana da sauƙin ƙirgawa da ka. Amma a tebur ba maki ake tarawa ba, ci ake tarawa. Kwangilar 3NT ci tara ce cikin goma sha uku, kuma an lura cewa hannu biyu masu daidaito in suka haɗa 25 ko 26, galibi taran tana samuwa. Ke nan maki ƙiyasi ne na yawan cin da hannu zai kawo. Ƙiyasi kuwa yana da inda yake gazawa.

Dubi ♦ ɗin Baba da kyau. A Q 10 9 4 maki shida ne. A Q 4 ma maki shida ne. Ka ɗora kowanne a kan K 6 2 na Mannir: na farko ci biyar zai ba ka kusan kullum, na biyu uku ne ba ƙari. Ko da Mannir ƙananan kati uku kaɗai gare shi a ♦, in ka taso daga hannun da aka shimfiɗa ka sa 10, ka sake tasowa ka sa 9, muddin ɗaya daga K da J tana hannun damanka ci ɗaya za ka rasa in rabon bai yi muni ba, hakan kuwa kusan kashi uku cikin huɗu ne. Wannan aikin 10 da 9 ne, su da ka ce ba su da maki.

Ga ♣ kuma. J 10 8 a kan Q 5 4 ci ɗaya ne tabbas, ko wa ya fara taɓa gidan. Mai da shi J 3 2 a kan Q 5 4, makin bai canza ba, amma in kai ka fara taɓa shi kana iya tashi hannu wofi. Mudu biyu na gero duk a cike, ɗaya tsaba ce zalla ɗaya da ƙaiƙayi, mai awo zai ce maka daidai suke, mai tuwo ba zai yarda ba.

Baba, da girmanka, ni ma 1NT zan buɗe da hannun nan, kuma ba zan ji na saɓa alkawari ba. Alkawarin da na yi wa abokina shi ne hannu mai ƙarfin 15 zuwa 17, wannan kuwa ya kai.

Mannir

Ga kuma A biyu. Kowa ya san A ta fi maki huɗu daraja.

Kabir, Daura

Yaya Mannir, a nan ɗin a yi hattara. Maganar cewa A ta kai huɗu da rabi, Q da J kuma ba su kai makinsu ba, ta fi ƙarfi a kwangilar da ke da gida mai yanka, inda zagaye na uku na gida sau da yawa yanke shi ake yi, Q ta mutu a hannu. A NT ba mai yanke maka komai, don haka Q da J da 10 suna cin abincinsu.

Akwai wani mai bincike, Thomas Andrews, da ya sa kwamfuta ta buga ɗimbin hannaye tana ganin katin kowa, don ya ga wane lissafi ya fi dacewa da 3NT tsakanin hannaye masu daidaito. Abin da ya fitar: A 4, K 2.8, Q 1.8, J 1, goma 0.4. Ku lura kowane gida har yanzu 10 ne, karta duka 40. Wato A ta tsaya inda take, an ɗan ɓantare wa K da Q an ba goma.

Mu auna hannun Baba da shi: A biyu 8, K 2.8, Q 1.8, J 1, goma uku 1.2. Jimla 14.8, kuma ba a sa komai ba don kati na biyar na ♦. Yanzu ga wani hannu:

♠ K J 3
♥ Q J 4
♦ Q J 5 2
♣ K Q 6

Da lissafin da muka saba 15 ne cif. Da na Andrews 14.0 ne. Babu A, babu goma, babu tara, rabonsa 4-3-3-3, ba inda ci na tsawo zai fito sai kati ɗaya tak a ♦. Ba ci ko ɗaya a cikinsa da za ka ɗauka ba tare da ka fara ba abokan hamayya hannu ba, su kuwa duk sanda suka karɓa gidansu suke ginawa. Baba, tsakani da Allah, in za a ba ka zaɓi ka buga 3NT da ɗayansu, wanne za ka ɗauka?

Baba Sada

Nawa zan ɗauka, wanga ba abin musu ba ne. Ban ce hannun bai da kyau ba. Abin da nake faɗi daban ne. Ku duk kuna kallon 3NT, ni ina kallon sama da nan. Mi ya sa aka ce 33 don 6NT? Don in kuna da 33, abin da ya rage waje bakwai ne, A biyu kuwa takwas ne, ke nan ba yadda za a yi su ci biyu a jere da A. Abokina na da 18, ya ji 1NT, ya haɗa da 15 ya samu 33, ya tashi kai tsaye 6NT. Ashe 32 ce. A fito da A, a sake fito da wata. Wa za a tuhuma?

Na kuma ga inda wagga hanya ke kai mutane. Yau 14 mai kyau, gobe kowane 14 ya zama mai kyau a idon mai shi, jibi 13. Kowa in ya ɗauki katinsa gani yake ya fi yadda yake.

Dakta Umma, GRA

Sannunku da muhawara, sai yanzu na fito daga aiki na karanta daga sama.

Baba, maganarka ta ƙarshe ita ce mafi nauyi a duk abin da aka faɗa, kuma gaskiya ce. Amma ta 6NT ɗin tana da amsa. Da hannun nan naka A biyu suna wurinka. Kafin a rasa A biyu sai abokinka ya tara 18 babu A ko ɗaya, wato duk sauran K da Q da J suna hannunsa. Mai irin wannan hannu shi da kansa ya san bai kamata ya yi tsalle ba, zai tambayi yawan A da tayin 4♣ na Gerber. Hannun da ake ɗagawa daga 14 galibi mai A ne da dogon gida, irin wanda silam, wato kwangilar ci goma sha biyu ko fiye irin 6NT, ke so. Wanda ke kashe silam shi ne irin na Kabir.

Ni a Ingila na koyi wasan, da tsarin Acol, inda 1NT 12 zuwa 14 ne. Wani zai ce to ai a can hannun Baba ya faɗa cikin tazara, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ƙwararrunsu da yawa za su ce ya fi ƙarfin 1NT ɗinsu, su buɗe 1♦ su dawo da 1NT, wanda a wurinsu daga 15 yake farawa. Kun ga hukunci ɗaya ne: hannun na 15 ne. A zamanin Goren kuma 16 zuwa 18 ake buɗewa, kuma su ma suna da nasu 15 mai kyau da ake jayayya a kansa. Duk inda aka ja layi, akwai hannayen da za su zauna a bakinsa.

Abin da nake yi da abokiyar wasata a intanet shi ne mun rubuta sharaɗi, don kada son zuciya ya shigo kamar yadda Baba yake tsoro. Ba ma ɗaga 14 sai da gida mai kati biyar wanda manyan katinsa suke cikinsa, ba warwatse a gajerun gidaje ba, sannan da goma aƙalla biyu masu mafaka. Goma da ke tare da J ko Q ko 9 tana aiki. Goma a 10 3 ita kaɗai kusan ado ce. Idan kuma akwai Q J su biyu kaɗai a gida, ko K Q su biyu kaɗai, ba ma ɗagawa ko da sauran sun cika, don waɗannan maki ne da ke faɗuwa a kan juna.

Alhaji Rabe, Ƙofar Marusa

Ni ba zan shiga wa ya fi gaskiya ba, amma tunda ni ke riƙe da takardar maki ranar Asabar, dole in faɗi wannan. Dokar wasa ta hana abokai biyu su yi yarjejeniyar da abokan hamayya ba su sani ba. Mutum ya duba hannunsa sau ɗaya ya ga ya kai, ya buɗe, wannan hukuncinsa ne. Amma in ya zama al'ada har abokinka ya san kana yi, ya zama yarjejeniya, sai a rubuta a takardar tsari: 15 zuwa 17, wani lokaci 14 mai kyau. A BBO ma, dandalin wasan birij na intanet, ka rubuta haka a wurin bayanin tayi. Dalili shi ne masu tsaro ƙirga suke yi. Mutum ya ga ka nuna 13, yana neman inda Q take, ya ce dole tana wurinka don ka cika 15, ya tsara tsaronsa a kan haka. In kai da abokinka kun san abin da shi bai sani ba, an zalunce shi.

Injiniya Lawal

Wannan haka yake, Alhaji, ba wanda zai ja.

Kabir

Ƙari kaɗan kan me ya sa abin yake da muhimmanci a wasan ƙungiya-ƙungiya da ake lissafi da IMP, wato makin da ake ba ƙungiya gwargwadon bambancin sakamakon tebura biyu. In kuna ja, kuka je 3NT ta ci, 600 ce a kan 150 na waɗanda suka tsaya ƙasa, bambanci 450, IMP 10. In ta faɗi da ɗaya, kun ba da 100 su kuma sun samu 120, bambanci 220, IMP 6. Ke nan ko damar cin ba ta kai rabi ba, in ta haura kashi 38 cikin ɗari riba ce a je. In ba ku ja, 6 ne a kan 5, sai ta kai wajen kashi 45. Gem, wato kwangila mai babban lada irin 3NT, wanda ake bari a ƙasa ya fi wanda ake faɗuwa tsada.

Mannir

To ni yanzu tambayata ta koma ɗaya gefen. In 14 na hawa, 17 ma na hawa ke nan?

Dakta Umma

Ƙwarai, kuma wannan ya fi faruwa ba a lura ba. Duba:

♠ K 4
♥ A 10 3
♦ K Q 9
♣ A J 10 7 5

17 ne. Ka buɗe 1NT, abokinka da maki 7 zai wuce hankalinsa kwance, da 8 shimfiɗaɗɗe ma da yawa wucewa suke yi, alhali Q ɗaya a ♣ ta isa ta sa gidan ya ba da huɗu ko biyar. Ni 1♣ zan buɗe in dawo da 2NT, in nuna 18 zuwa 19.

Baba Sada

Wanga na yarda da shi ba gardama, don ina yin sa tun da daɗewa. Wanda ya fi ƙarfin tayi in ka ɗaga shi ba ka yaudari kowa ba.

Injiniya Lawal

Baba, ai ma'auni ɗaya ne. In kati na biyar da goma biyu sun mai da 17 ya zama 18, su ne dai za su mai da 14 ya zama 15.

Baba Sada

A lissafi ɗaya ne, a tebur ba ɗaya ba ne. Wanda ya buɗe 1♣ da 17 yana da zagaye na biyu, ya ji abin da abokinsa ya ce kafin ya yanke. Wanda ya buɗe 1NT da 14 ya riga ya saki magana, ba ya iya janye ta. In na hagu ya ninka, abokinka ba shi da komai, kai ne za ka zauna ka biya 500 ko 800.

Kabir

Hakan na faruwa, Baba, sai dai a ranar ma mai ♦ biyar yana da wurin gudu, 2♦. Mai 4-3-3-3 ba shi da ko'ina. Kuma 1NT tana toshe musu baki, duk wanda zai yi magana sai a mataki na biyu. Ka buɗe 1♦, na hagu ya shigo da 1♥ ko 1♠ a arha, ya nuna wa abokinsa gidan da zai fito da shi.

Shamsu

Na gode ƙwarai, na ƙaru. Saura abu biyu. Hannun Yaya Kabir mai 15 maras kyau, me za a buɗe da shi? Sannan jiya a waya na samu wannan, na rasa yadda zan yi:

♠ Q 4
♥ A J 9 6 3
♦ K Q 5
♣ K 10 2

An ce mini in ina da ♥ ko ♠ biyar in fara da su.

Injiniya Lawal

Na biyun tukuna. Kafin ka buɗe kowane tayi, tambayi kanka me za ka ce a zagaye na gaba. Ka ce 1♥, abokinka ya ce 1♠. 1NT yanzu 12 zuwa 14 ne, ka fi haka. 2NT 18 zuwa 19 ne, ba ka kai ba. 2♥ na nuna shida, biyar gare ka. Abin da ya rage sai ka ce 2♣ ko 2♦ da kati uku, abokinka ya ɗauka huɗu ne. Duk ƙofar da ka bi akwai ƙarya a cikinta. Ka buɗe 1NT ka faɗi 15 ɗinka da rabonka na 5-3-3-2 a numfashi ɗaya. Abin da kake sayarwa shi ne wata rana za ku buga 3NT alhali kuna da ♥ takwas tsakaninku, kuma da irin wannan hannu sau da yawa ci tara na 3NT ya fi ci goma na 4♥ sauƙin samu. Rabon da ake kira daidaitacce uku ne, 4-3-3-3 da 4-4-3-2 da 5-3-3-2, kuma ba a ce biyar ɗin dole ta zama ♣ ko ♦ ba.

Na Kabir kuwa, ni 1♦ zan buɗe in dawo da 1NT, in ɗauke shi 14.

Dakta Umma

A nan na rabu da kai, Injiniya. Ɗagawa ina yi, saukewa ba kasafai ba. Hannun Kabir ba shi da kyau, amma kowane gida a tsare yake, kuma yana so a fito masa, wato jifan farko ya zo ya same shi a K J 3 ko K Q 6 yana na ƙarshen sakawa. In ka buɗe 1♦ abokinka ya amsa 1NT, shi zai buga, naka ya kwanta a tebur kowa na gani, a riƙa ratsa K J ɗin. Sannan duk sauran teburan 1NT za su buɗe, in ka bambanta da su kai kaɗai za ka ɗauki sakamakon. Sai in hannun ya haɗa rashin A da Q J su biyu kaɗai a gida nake tunanin saukewa.

Injiniya Lawal

Dakta, abokinki da maki 10 zai kai ki 3NT da 25 da babu dogon gida a ko'ina. In shi ma 4-3-3-3 ne, ki ƙirga mini inda tara za ta fito.

Dakta Umma

Wani lokaci ba za ta fito ba. Amma masu tsaro ba sa ganin katin juna kamar kwamfutar Kabir, kuma da irin wannan hannu duk gidan da suka taɓa sun ba ni rabin ci. Zan karɓi wannan cinikin.

Baba Sada

Mannir, ga abin da zan iya. Sharaɗin Dakta na karɓe shi yadda ta faɗe shi: gida biyar mai manyan kati a ciki, goma biyu masu mafaka, babu Q J ko K Q tsirara. Na ƙara nawa guda, dole da A aƙalla ɗaya. Alhaji Rabe ya rubuta mana a takarda kafin Asabar kowa ya gani. Amma in ni ne na uku wurin magana, kai ka riga ka wuce, kuma muna ja, 15 cikakke nake so, don a nan gem ya yi nisa, ninki kuwa ya matso. Saukewa kuma ba na yi, 15 ko wane iri ne 1NT zan ce.

Mannir

Na amince, Baba. To ni ma in sani: tunda 14 na iya shigowa, da maki 9 in ci gaba da gayyata da 2NT, ko in tafi 3NT in ina da gida biyar?

Baba Sada

Da 9 da gida biyar mai kyau ka tafi. Da 9 shimfiɗaɗɗe ka gayyata, in na zo da 14 zan wuce. Alhaji, a sa wannan ma cikin takardar.